DiCaprio a The Revenant: wasa ya yi ko wahala ya sha?

Nafi'u: Salamu alaikum jama'a. Kambun Oscar da aka ba Leonardo DiCaprio a watan Fabrairun 2016 saboda fim ɗin The Revenant, inda ya fito a matsayin Hugh Glass, mutumin da beyar ta yaga, abokan tafiyarsa suka bar shi a daji, na iya wasa ne ko na shan wahala? Ni dai a ganina na wahala ne. Fim ne mai minti 156, kuma a mafi yawansa abin da jarumin yake yi bai wuce nishi da jan ciki da karkarwa da zare ido ba. Duk wanda aka tsoma a kogi mai sanyin ƙanƙara zai yi karkarwa, ba sai ya koyi komai ba. Duk wanda aka miƙa wa ɗanyar hantar ɓauna ya gatsa zuciyarsa za ta tashi. Wannan jiki ne yake aikinsa. Wanda ya gina mutum daga tushe a fim ɗin shi ne Tom Hardy, wanda ya fito a matsayin Fitzgerald, mutumin da ya kashe ɗan Glass, amma shi ya tashi hannu rabbana, Mark Rylance ya ɗauke kambun mataimakin jarumi.

Zulai: Wa'alaikumus salam. Yaya Nafi'u, ka fara da hanta da kogi domin su ne aka fi yayatawa a tallan fim ɗin, amma duka biyun ba su kai minti goma ba. Je ka sake kallon wurin da Fitzgerald ya tsuguna kan Glass yana ɗaure a gadon itace, ya ce masa idan ya yarda a ƙarasa shi to ya ƙifta ido. Babu hannu, babu ƙafa, babu murya. Ido kaɗai aka bar masa. Ya ƙi ƙiftawa har idon ya kawo ruwa, sannan ya ƙifta. Kai mai kallo ba za ka iya rantsuwa cewa yarda ya yi ko idon ne ya gaji ba, kuma a kan wannan shakkar sin ɗin ya tsaya. Sanyi ba ya koya wa mutum wannan.

Nafi'u: Ƙanwata, wannan ai rubutu ne ya yi kyau. Kowa aka ce kada ya ƙifta, ƙarshe zai ƙifta.

Malam Garba: Bari in shigo ta ɓangaren kyamara, domin a nan ake yawan yi wa jarumin rashin adalci. Mai ɗaukar hoto Emmanuel Lubezki ya ɗauki fim ɗin da gilasan kyamara masu faɗin gani, daga milimita 12 zuwa 21. A yawancin finafinai idan za a cika allo da fuskar ɗan wasa, gilashi mai milimita 85 ko 100 ake sawa, kyamara ta tsaya mita biyu ko uku daga gare shi. Irin wannan gilashi yana yi wa ɗan wasa gata uku: yana dusar da abin da ke bayansa ta yadda idon mai kallo ba shi da wurin zuwa sai fuskar, yana daidaita hanci da kunci su fito yadda suke, kuma yana bar masa fili ya ga abokin wasansa.

Da gilashi mai milimita 14, duk ukun sun tafi. Kafin fuska ta cika allo sai kyamara ta matso ƙasa da rabin mita, wani lokaci har numfashin ɗan wasa ya rufe gilashin da tururi, kamar yadda kowa ya gani a wannan fim. A wannan kusanci, hanci yana girma, kunnuwa su ja baya. Idan ya sunkuyo da kai santimita biyar, a allo sai ka ga kamar ya kawo farmaki. Idan ya ɗaga gira yadda zai ɗaga a fim na yau da kullum, sai ya zama abin dariya. Dole ya rage komai: motsin kai, buɗe baki, juya ido. Ga shi kuma duwatsu da bishiyoyi suna nan tar a bayansa suna jan idon mai kallo. Ga mai kyamara da mai daidaita gani sun tsaya masa a gaba, sun tare wanda ya kamata ya kalla. Ɗan wasan da bai san gwargwadon gilashi ba, a minti biyu za ka gaji da fuskarsa. An ɗora wannan fuska a kan allo fiye da sa'o'i biyu.

Anti Bilki: Malam Garba, ni kuwa na gaji da ita, gaskiya. Ba don ya zarce gona da iri ba, sai don fuska ɗaya ce daga farko har ƙarshe: haƙora a cije, gira a haɗe. Mutumin da ke cikin azaba yana da launuka da yawa. Akwai lokacin da zai yi dariyar da ba ta da dalili, akwai lokacin da zai ji haushin kansa, akwai lokacin da hankalinsa zai ɗauke ya zauna kawai yana kallon ƙasa. Na ga kaɗan daga ciki a wurin da shi da Hikuc, mutumin nan ɗan ƙabilar Pawnee ta 'yan asalin Amurka da ya raba masa naman ɓauna, suka fito da harshe suna tarar dusar ƙanƙara. Nan kaɗai fuskar ta saki. Da an samu irin wannan sau uku ko huɗu, da ban ce komai ba.

Zulai: Anti, akwai wani wurin tun farko-farko, bayan Fitzgerald ya ci mutuncin Hawk, ɗan Glass, inda Glass ya ja yaron gefe ya yi masa faɗa da harshen Pawnee. Ku dubi hannunsa. Riƙon yana da zafi kamar mari, amma idonsa tsoro ne zalla. Uba ne da ya san idan yaron ya ɗaga murya a gaban waɗannan mutane kashe shi za su yi. Abu biyu a fuska ɗaya, kuma cikin yaren da ba nasa ba.

Anti Bilki: Na yarda da wannan. Amma lura, misalinki daga wurin da yake da abokin wasa da magana ne. Da zarar an bar shi shi kaɗai a daji sai launukan suka ƙare.

Baban Iman: To ai nan gizo ke saƙa, kuma laifin ba na jarumi ba ne. Duk fim ɗin da ya jefa mutum ɗaya cikin daji ko tsibiri yana da matsala guda: ta yaya mai kallo zai san abin da ke ransa? Hanyoyin da aka saba uku ne. Ko a ba shi muryar da ke ba da labari a bayan fage. Ko a ba shi abin da zai yi wa magana, kamar ƙwallon nan da aka ba Tom Hanks a Cast Away na 2000. Ko kuma a ba shi aiki mai matakai, mai kallo ya karanta tunaninsa daga yadda yake warware matsala. Daraktan fim ɗin, Iñárritu, ya ƙi ta biyu, ya taɓa ta farko kaɗan ta muryar matar Glass, ya yi amfani da ta uku rabi da rabi, sannan ya cike gurbin da mafarkai: matar tana shawagi a iska, rusasshiyar majami'a, tulin ƙoƙunan kan ɓauna. A mafarkan nan aikin jarumi shi ne ya tsaya ya ɗaga kai. Babu ɗan wasan da zai fitar da wani abu daga nan. Ciki ɗin da Anti Bilki take nema, darakta ya ɗauke shi daga fuskar DiCaprio ya miƙa wa mai kyamara da mai kiɗa, Ryuichi Sakamoto.

Nafi'u: Alhamdulillahi, Baban Iman ka faɗi abin da nake nufi da kalmomin da suka fi nawa. Kun san gwajin Lev Kuleshov na Rasha wajajen 1920: fuska ɗaya da ba ta nuna komai, a haɗa ta da hoton kwanon miya mutane su ce yunwa yake ji, a haɗa ta da akwatin gawa su ce baƙin ciki ne. Sa fuskar mai gemu cike da ƙanƙara, bi ta da hoton dutse da rana na faɗuwa, zuba goge a ƙasa. Mai kallo da kansa zai cika sauran, ya kuma yaba wa jarumi.

Malam Garba: Nafi'u, hujjarka tana aiki ne a fim ɗin da ake yawan yankawa. Gwajin Kuleshov gwajin yanka ne. Shi kuwa wannan fim, abin da aka san shi da shi shi ne dogayen ɗauka ba yanka. Bari in bayyana abin da hakan ke nufi ga ɗan wasa. A aiki na yau da kullum ana ɗaukar sin ɗaya daga kusurwa huɗu ko biyar, kowace sau da yawa. Mai tace fim sai ya zauna ya tsinci daƙiƙa uku masu kyau daga nan, biyar daga can, ya ɗinke. Ɗan wasa mai rauni yana iya fitowa gwani ta wannan hanya. Idan kuwa ɗauka ɗaya ce mai minti uku ko huɗu, kyamara tana yawo daga fuskarka zuwa daji ta dawo, babu abin tsinta. Saurin sin ɗin, inda za a ja numfashi, inda za a yi shiru, duk a hannun ɗan wasa suke.

Ƙara da maganar haske. Da hasken rana da na wuta aka ɗauki kusan dukkan fim ɗin. A Alberta ta Kanada, inda aka yi ɗaukar, a watan Disamba, rana ba ta wuce kimanin sa'o'i 8 a sama, kuma hasken da Lubezki yake so ɗan taƙi ne daga ciki. Don haka sai a wuni ana gwaji da mutane da dawakai da kyamara, sannan a ɗauka cikin ɗan lokacin da hasken ya yi daidai. Idan ɗan wasa ya kuskure takunsa da rabin mita ya fita daga gani, idan ya juya da wuri kyamara ba ta iso ba, an yi asarar ɗaukar, wata rana an yi asarar wunin. Wannan na cikin abin da ya sa aikin da aka fara a Oktoban 2014 bai ƙare ba sai Agustan 2015, kasafin ya tashi daga dala miliyan 60 zuwa 135, dusar ƙanƙara ta narke musu a Kanada sai da suka kwashe kaya zuwa kudancin Ajantina, kusa da Ushuaia, suka ɗauki ƙarshen. Mutumin da ke lissafin taku da daƙiƙa a kansa yayin da fuskarsa ke nuna ya manta da duniya, wannan ba karkarwa kawai yake yi ba.

Sadiya: Ni tambayata a kan beyar ce. Ba kwamfuta ce ta yi komai ba?

Malam Garba: Beyar ɗin ta kwamfuta ce, kamfanin ILM ya zana ta. Amma abin da ke ƙarƙashinta mutum ne. Ga yadda aka yi: ɗan wasan kasada ya sa shuɗin kaya ya tsaya a matsayin dabbar, aka ɗaura wa DiCaprio igiyoyi a jiki ana fizgarsa ana jifa da shi, daga baya aka goge mutumin da igiyoyin aka zana beyar. Wahalar ita ce nauyi. Mutum mai shuɗin kaya ba zai iya danne ka da nauyin dabbar da ta ninka shi ba, don haka nauyin daga jikin wanda aka danne zai fito: yadda iska ke fita daga ƙirji lokaci ɗaya idan an taka bayansa, yadda kai ke makara ya bi jiki idan an fizge shi, yadda yatsu ke tonon ƙasa. Idan ɗan wasa ya riga fizgar da ko rabin daƙiƙa, wato ya fara tafiya kafin igiya ta ja shi, ido yana kamawa nan take, sai dabbar ta zama kamar hoton da aka manna. Masu zane suna bin motsinsa ne, ba za su iya gyara masa lokaci ba sai kaɗan.

Kuma sin ɗin kashi-kashi ne. Ta kawo hari, ta koma wajen 'ya'yanta, ta dawo. Tsakanin hare-haren nan wasan yake, lokacin da yake jan jiki zuwa bindiga yana ƙoƙarin kada numfashinsa ya yi ƙara. Bindigar irin mai ƙyastu ce, harsashi ɗaya tak. Kafin ka sake harbi sai ka zuba albarushi ta baki, ka tura harsashi da ƙyalle da sanda, ka zuba wani albarushin a ɗan kaskon gefe, ka ja kunama. Ba wanda zai yi wannan da beyar a kansa. Shi ya sa yake jinkirta harbin, kuma ana ganin lissafin a idonsa.

Nafi'u: Sin ɗin beyar na ba shi. Ban taɓa cewa bai iya aikin jiki ba. Amma akwai yanka a ɓoye a ciki, ba ɗauka ɗaya ba ce da gaske.

Malam Garba: Akwai, an ɗinke. Sai dai ɗinkin ƙarin aiki ne a kansa, domin dole guntu na biyu ya fara da jikinsa a daidai inda na farko ya tsaya, da numfashi a daidai saurin da ya bari.

Dakta Sa'a: Ku ba ni dama in ce wani abu a kan raunukan, tunda rabin wasan a kansu yake. Akwai abin da ya yi daidai ƙwarai, akwai wanda fim ɗin ya yi masa ƙarya.

Maƙogwaro ya yi daidai. Mutumin da aka yaga masa wuya har iska na fita ta ramin ba zai iya tara iskar da za ta kaɗa muryarsa ba, sai raɗa da shaƙewa. DiCaprio ya riƙe wannan har ƙarshe. Ko da ya koma sansani yana magana da Kyaftin Henry, shugaban ayarinsu, muryar ba ta dawo ba, gajerun jimloli yake yi yana tsayawa neman iska. Wurin da ya sha ruwa ya ga yana zubowa ta wuyansa shi ma ya yi kyau, mamakin ya riga zafin zuwa, kuma haka abin yake ga mai rauni. Ƙona ramin da albarushi kuwa abin kallo ne kawai. Wuta tana kashe naman da ke gefen rauni, mataccen nama kuma abincin ƙwayoyin cuta ne, don haka a zahiri ƙara ɓata wurin za ta yi. Tsutsar da Hikuc ya sa masa a baya ta fi kusa da gaskiya, domin akwai irin tsutsar da ke cin ruɓaɓɓen nama ta bar mai rai, har yau ana amfani da ita a wasu asibitoci.

Inda aka yi ƙarya shi ne kogi. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyin ƙanƙara, a minti na farko numfashi ke ƙwace masa, yana haki ba da sonsa ba. Cikin kimanin minti 10 yatsu da hannuwa sun daina bin umarni. Bayan ya fito da jiƙaƙƙen kaya, zafin jikinsa ci gaba yake da sauka, magana ta sarƙe, tunani ya rikice. Mai lafiya ke nan. Wanda ya zubar da jini, ga buɗaɗɗun raunuka, ga yunwa, ba zai fito ya haɗa wuta da hannunsa ba. Sannan ƙafa: daga jan ciki zuwa dogara sanda zuwa hawan doki zuwa faɗowa daga tsauni zuwa dambe da gatari, duk cikin abin da bai yi kama da watanni ba. Jarumin ya yi ƙoƙari ya bar ɗingishi a tafiyarsa, amma a faɗan ƙarshe ƙafar ta warke sarai.

Anti Bilki: Dakta, to wannan ai yana rage darajar wasan. Idan na daina yarda jikin zai iya mutuwa, nishin ya zama ƙara kawai.

Dakta Sa'a: Yana ragewa, Anti, amma rubutu ne ya jawo. Shi abin da aka ba shi ya riƙe.

Baban Iman: Kuma abin haushin, tarihin gaskiya ya fi ba ɗan wasa abin yi. Hugh Glass mutum ne da ya rayu. Beyar ta yaga shi a 1823 kusa da kogin Grand, a inda yanzu ake kira Dakota ta Kudu, kuma a ƙarshen bazararsu ne, cikin fili mai ciyawa, ba cikin duwatsu da ƙanƙara ba. Ya ja jiki kimanin mil 200, wato sama da kilomita 300, zuwa sansanin Kiowa a bakin kogin Missouri. Babu wata shaida cewa yana da ɗa da aka kashe a gabansa, wannan ƙarin masu fim ne. Abin da ya bi sawun mutanen biyu, Fitzgerald da wani matashi, a kai shi ne sun bar shi, sun kuma tafi da bindigarsa da kayansa. Da ya samu ƙaramin, ya yafe masa saboda yarinta. Da ya samu Fitzgerald, ya tarar ya shiga soja, kashe shi na nufin a kashe shi shi ma, sai ya karɓi bindigarsa ya tafi. Ya rayu har 1833.

Ku duba abin da ɗan wasa zai yi da wannan: mutum ya ja ciki makonni da fushi a matsayin abincinsa, ya iso, ya tarar da yaro yana rawar jiki a gabansa, fushin ya rasa inda zai sauka. Da aka ƙirƙiro ɗa aka kashe shi, sai aka mayar da Glass mai buƙata ɗaya tak, kuma buƙatar da ba wanda zai yi jayayya da ita. Mutum mai buƙata ɗaya fuska ɗaya gare shi. Fitzgerald kuwa an ba shi tsoro, an ba shi kwaɗayi, an ba shi tabon fatar kai da aka taɓa yanka masa, an ba shi hujjar da idan ka saurara za ka ga tana da kai: ɗaukar mai mutuwa a kan duwatsu zai kashe kowa. An ba shi labarin ubansa da kurege a bakin wuta. Dole Hardy ya fi launi.

Zulai: Baban Iman, amma kada a mayar da Hardy waliyyi. Rabin maganarsa sai da rubutu a ƙasan allo ake ganewa, har ga waɗanda Turanci ne harshensu. Mutumin Landan ne ya ƙera wata murya ta cikin hanci da gemu, wani wuri ta zauna, wani wuri ka ji ƙirar. Zare ido da kallon gefe da yake yi, a finafinansa da yawa yana yi. Idan za a ce DiCaprio ya maimaita fuska, shi ma ya maimaita dabara.

Nafi'u: Ƙirar da ake ji ta fi babu ƙira. Kuma Malama Zulai, mu faɗi gaskiya a kan kambun. Sau huɗu aka sa sunansa a takarar wasa kafin nan bai samu ba, tun daga fim ɗin 1993. Duk hirar da aka yi kafin bikin, maganar hanta ce da sanyi da gawar doki. Ba a tallata ƙifta ido ba. Masu zaɓe bashi suka biya.

Zulai: Dalilin da ya sa masu zaɓe suka zaɓa daban, abin da ke kan allo daban. Ana iya ba mutum abu don dalili mara kyau alhali ya cancanta. Gawar dokin da ya kwana a cikinta ma ai ƙirar masu kayan fim ce, ba doki ba ne. Abin da ke na gaske a sin ɗin shi ne safiya, da ya fito tsirara ya ɗora hannu a kan dokin kafin ya tafi. Daƙiƙa kaɗan ne, ba magana, kuma ba sanyi ne ya sa hannun ya tsaya haka ba.

Sadiya: To ta yaya mai kallo zai raba aikin jarumi da na kiɗa da hoto? Kowa a nan yana faɗin abin da ya ji ne.

Malam Garba: Akwai gwaji mai sauƙi, mataki uku. Zaɓi sin ɗaya, a ce wurin da aka daɓa wa Hawk wuƙa Glass yana ɗaure yana kallo. Da farko kashe sauti gaba ɗaya ki kalla. Kiɗa ya tafi, nishi ya tafi, kuma wannan da muhimmanci domin al'ada ce a harkar fim a sake ɗaukar numfashi da nishi a situdiyo a ɗora daga baya. Abin da ya rage a fuska da jiki, nasa ne. Na biyu, mayar da sauti ki rufe ido, ki ji ko numfashin yana da matakai ko ƙara ɗaya ce. Na uku, kalla kina tsayarwa duk bayan daƙiƙa biyar, ki tambayi kanki me yake so a wannan hoton, ya bambanta da na baya? Idan amsar ba ta canzawa har sin ya ƙare, Nafi'u ya yi gaskiya. A wannan sin ɗin tana canzawa: gargaɗi yake son yi, sannan tsinke igiya, sannan kiran sunan yaron, sannan ya haddace fuskar wanda ya yi. Sai ki yi gwajin a kan wani sin na mafarki, za ki ga ba ta canzawa ko sau ɗaya.

Abu ɗaya da ke ɓata gwajin: kwalliya. Leɓɓan da suka tsage, ƙanƙara a gemu, raunukan roba da ake shafe sa'o'i ana mannawa, duk suna yi wa fuska magana ko da ba ta motsa ba. Sai ki sa ido a kan abin da kwalliya ba ta iya yi, wato ƙwayar ido da haɗiyar yawu da lokacin da kai ke juyawa.

Nafi'u: Na yi gwajin a sin biyu. Na Hawk ya tsaya da ƙafarsa ba sauti, wannan na janye. Amma na gwada kallon ƙarshe, inda ya juyo ya kalli kyamara bayan ya saki Fitzgerald a ruwa ya tafi hannun 'yan ƙabilar Arikara. Ba sauti, ban ga komai ba sai mutum mai jin sanyi. Numfashin da ke ci gaba bayan allo ya yi baƙi shi ke ɗauke da wurin, ba idon ba.

Anti Bilki: Ni kuma a nan na fi ganin wasan, abin mamaki. Mutum ne da abin da ke riƙe da shi ya ƙare. Fuskar da babu komai a cikinta ita ce daidai.

Nafi'u: Anti, kin ga Kuleshov ya dawo ke nan.

Zulai: Bai dawo ba, Yaya. A gwajin Kuleshov ana yankawa zuwa abin da mutumin yake kallo. A nan an riga an nuna matar ta juya ta shige cikin bishiyoyi, idonsa ya bi ta, sannan ya sauko, sannan ya juyo gare mu, kuma ba a yanka zuwa komai ba bayan haka. Sake kallo ka ƙirga wuraren da idon ya tsaya kafin ya iso kyamara.